Ƙwas-ƙwas a Motar Shafi'i

Shekara tara Shafi'i ya yi a Abijan yana biɗar kuɗi, matan garinsu Allakaye suna ta yi wa uwarsa Kulu habaici, wai ta haifi ɗan da ko sabulu bai taɓa aikowa ba. Da ya dawo da wata tsohuwar mota fara, buri ɗaya ne a ransa: ranar kasuwa ya ɗora Kulu a gidan gaba, ya ratsa da ita ta gaban matan nan ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai tun a duwatsun hanyar Buza motar ta fara ƙwas-ƙwas ta gaban hagu, duk ramin da ta faɗa sai ta amsa. Dole ya tsaya wajen Muntari makanike. Muntari ya ɗaga motar, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ta yi ta lilo a hannunsa. Ya ce rotil ce ta cinye, ƙwallon ƙarfen da ke riƙe da ƙafar mota, kuma sai jibi za a kawo sabuwa daga Madawa. Kasuwa kuwa gobe ce.

Shafi'i ya dube shi sheƙeƙe. Shi da ya ga garejin Abijan, wani ɗan ƙauye zai koya masa mota? Alhali dai agogon hannu ya yi ta talla a can, ko bonet bai taɓa buɗewa ba. Ƙarar ce kawai ta dame shi, kada mutane su ji su ce ruɓaɓɓiya ya sayo. Ya yanko robar tsohon tib ɗin taya, ya cusa a gaɓar, ya lafta man giris, ya ɗaure da waya. Motar ta yi tsit, shi kuma ya hau hura hanci.

"Baki ka ruhe mata," in ji Muntari, "ciwon na nan."

Ko waiwaye Shafi'i bai yi ba.

Washegari Kulu ta sha sabon zane, ta zauna a gaba tana jin kunya da daɗi a haɗe. Shafi'i ya shiga kasuwa a hankali, yana danna oda ba gaira ba dalili. Daidai rumfar masu hatsi, inda matan suka fi yawa, tayar ta faɗa wani ɗan kwari. Ƙafar ta fita waje, motar ta durƙusa kamar raƙumi, goshin Kulu ya daki gilashi.

Da ma dariya suka yi, da da sauƙi. Sai suka yanyame tagar suna jera mata sannu, kowace da haƙoranta a waje. Shafi'i ya ji kamar ya nutse. Ya fito yana cewa yanzun nan zai samo wata motar ta kai ta gida.

Kulu ta sauko, ta gyara ɗaurin zanenta, ba ta ko kalle shi ba.

"Bar shi, ɗana. Ƙahwata ba ta taɓa ba ni kunya cikin kasuwa ba."