Ƙanƙarar Wada da kifin Issoufou

Ni na fara ganinta. Kafin masu waya su duba wayarsu, kafin Larabawan bakin teku su ɗaga hanci sama, ni Hadi ɗan Sarkawan Yawuri na san azyab, iskar kudu mai ɗumi da danshi, na tafe. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma kwalekwale ya kife da ni a tsakiyar Kwara na fito, na ratsa Sudan da ƙafa, na kwana da yunwa a Jidda, ga ni har yau ina tauna ƙashin kifi da haƙorana.

A kasuwar Zahir nake sayar da ƙananan kifi na suya, sijan da 'yan uwansa, masu faɗin tafin hannu kamar karfasar gida. Ni nake zuwa gaɓar Shu'aiba in jefa fatsa, abin da ban kama ba in cika daga masunta, in kawo Makka a kan ƙanƙara. Issoufou kuwa mutumin Tabalak ne, wani gari na bakin tafki a Nijar. Da ya zo ko ɗaura ƙugiya irin ta teku bai iya ba, ni na koya masa, a gefen teburina ya tsaya har ya yi nasa.

Sakayyar da ya yi mini ita ce, ya bi masu sayayya yana raɗa musu wai kifina na kwali ne, daskararre daga wata ƙasa, ina narkar da shi in yayyafa ruwan gishiri. Ni! Hajiya Zinariya, mai dafa wa masu Umra abinci a Aziziyya, wadda rabin kifina gidanta yake tafiya, ta koma wajensa. In ta wuce sai ta ce, "Sannu Baba," ba ta ko kallon tebur. Na jira.

Tsakiyar sanyin 2016 ne, ranar Alhamis. Sanyi ya yi daɗi, mutanen Makka har da rigunan sanyi kamar abin gaske. Na ji Hajiya ta sa Issoufou ya kawo mata kifi mai yawa ranar Juma'a, za ta yi walimar baƙi daga Katsina. Da la'asar na dafa ƙarfen teburina, na ji shi da danshi. Gishirin da ke cikin gwangwani ya dunƙule. Na ce to, ga alamun azyab, Allah ya kawo.

Na wuce shagon Wada mai ƙanƙara, na ce ya ba ni duk sandunan da suka rage.

"Baba Hadi, cikin wannan sanyin? Gawa za ka ajiye?"

"Gawar wani ce, ba tawa ba. Yalla, ɗora."

Ya yi dariya ya ɗora. Ya ma tuna mini motar ƙanƙara ba ta dawowa sai bayan la'asar ɗin Juma'a. Na ce na sani, ɗana.

Da safe muka haɗu a Shu'aiba. Kifi ya ci ƙugiya ranar kamar an yi masa kira. Issoufou ya cika kulolinsa biyu maƙil, ya barbaɗa 'yar ƙanƙara a sama kamar mai zuba gishiri a miya, sauran ya zuba a kwanduna ya rufe da jiƙaƙƙen buhu. Haka suke yi a tafkinsu lokacin sanyi, kuma can yana yi, don iskarsu busasshiya ce, tana shan ruwan buhu ta sanyaya kifi. Azyab ba ta shan ruwa. Ita da kanta jiƙe take, ga ɗumi, buhu a cikinta murfin tukunya ne.

Ya dubi yadda nake jera nawa, ƙanƙara ƙasa, kifi, ƙanƙara, kifi, ya ce, "Tsoho, kana sayar da kifi ne ko ruwan sanyi?"

"Tsufa ne, Issoufou. Ka yi haƙuri da mu."

Kafin hantsi iska ta juya daga kudu. Sama ta yi fari, riga ta manne a baya. Muna isa Makka masu rigunan sanyi duk sun tuɓe. Ina zaune a Zahir na gan shi ya ruga shagon Wada, ya fito ba komai a hannu. Ya zaga wasu shagunan, ga Juma'a ta gabato, kowa ya ja ƙofa. Sai ga shi a gabana, gumi har gemu.

"Baba, ka taimaka da sanda biyu."

"Yau ni ne Baba? Ai ƙanƙarata ta kifin kwali ce, kada ta ɓata maka naka."

"Don Allah, Baba. Hajiya na hanya."

"To mu jira ta."

Ta iso da direbanta, mutane kuma sun fara taruwa za su masallaci. Na ce, "Issoufou, faɗa wa Hajiya inda nake samo kifina, ka ɗauki ƙanƙara." Ya yi ƙasa da murya. Na ce kunnena ya tsufa, ya ɗaga. Ya ɗaga kuwa, har Wada ya ji daga bakin shagonsa: a Shu'aiba nake kamawa, gefensa, kuma maganar kwali shi ya ƙirƙira.

Na cika alkawari, na tura masa sanda biyu da ƙafa. Sannan na ce, "Hajiya, kafin ya zuba, ɗaga buhun nan ki danna cikin guda."

Ta danna. Yatsanta ya nutse, ramin bai taso ba. Idon kifin ya yi fari kamar na makaho, warin kuma ya gama sauran bayani. Tun a gaɓa na san ƙanƙarar duniya ba za ta tashe shi ba, so nake ya fara faɗa da bakinsa.

"Baƙina za ka ba wannan?" in ji Hajiya. Ba ta jira amsa ba. Ta juyo wajena, "Baba Hadi, naka zai isa?"

"Ɗaga murfi ki gani, 'yata."

Kifina kwance cikin ƙanƙara, a sandare, ido baƙi ƙirin. Direba ya kwashe duka. Issoufou ya ja kwandunansa zuwa bola, kuliyoyin Zahir na bin sa a layi, ƙanƙarar da na ba shi tana narkewa a ƙasa.

Wasu sun ce na yi tsanani, wai da na gargaɗe shi tun a bakin ruwa. Shi ya gargaɗe ni lokacin da yake ɓata sunana? Wanda kuma yake ganin ƙari na yi, teburina na nan kusa da shagon Wada. Ya zo da kifinsa a rufe, kada ya gaya mini komai, in faɗa masa ranar da aka kama shi. In na kuskure, ya ɗauki wuƙata da fatsata ya tafi da su.