Bututun Motar Baba

Auta ya taka burki a bakin rafin, ya fito ba tare da ya dubi yayansa ba. Ruwan da aka yi tun safe ya shanye mashigin gaba ɗaya. Ja ne, mai kauri, yana tafe da rassan itatuwa. Asibiti na can ƙetare. A kujerar baya mahaifinsu na kwance, ƙirjinsa na kuka kamar tsohon zugazugi.

"Tsayuwar me kake yi?" in ji Yaya ta taga. "Mota ce mai ja da ƙafa huɗu. Shiga mu wuce!"

"Da wane hancin za ta yi numfashi? Da wanda ka cire?"

Tun farkon damina Auta ya sa aka ɗaura wa motar mahaifin nasu wani baƙin bututu, wanda ya taso daga gefen inji ya bi gilashin gaba har saman rufi, domin injin ya riƙa shaƙar iska daga sama maimakon ya kurɓi ruwa. Shekaranjiya Yaya ya kwance shi, saboda zai je tarbar surukansa a tasha, kuma a cewarsa ba zai ɗauke su a mota mai kama da gidan burodi ba. Ya jefa shi a bayan motar, ya bar ramin a buɗe.

Yaya ya fito yana huci. "Ni kake gaya wa magana?"

"Kai fa, Yaya. In ruwa ya shiga ramin nan inji ya mutu a tsakiyar rafi, surukan naka ne za su zo su goya Baba?"

"Tun kana yaro bakinka ya fi ka girma."

"Kai kuma rigarka ta fi ka."

Tari ya sarƙe tsohon, mai tsawo, har ya zama kamar ba zai dawo ba. Su biyun suka yi tsit. Auta ya ambaci sunan Allah a ransa, ya janyo bututun, ya cusa gindinsa a ramin. Ya zauna daidai, amma ko yaro ya taɓa shi zai tuɓe.

"Ina notunan?"

Yaya ya laluba aljihu, ya kawar da kai. "Suna cikin wata rigar, a gida."

Auta ya yi dariyar da babu daɗi a cikinta. Babu igiya, babu waya, ruwa kuma ƙaruwa yake yi. "To, sai dai hannu. Ni ne mai tuƙi."

Yaya ya dubi farar rigarsa mai guga, ya dubi fuskar mahaifinsu ta gilashi. Sai ya haye matakin ƙofa, ya cusa hannu ɗaya ta taga ya riƙe, ya danne bututun da ɗayan da kuma ƙirjinsa.

Auta ya yi bismillah, ya sa ƙaramin giya, ya shiga. Ruwa ya rufe tayoyi, ya rufe fitilu, ya hau kan murfin inji, ya fara tsiyayowa ta ƙasan ƙofofi. Motar ta yi tangaɗi.

"Kar ka sassauta!"

"Kai dai ka yi tuƙinka, mara kunya!"

Igiyar ruwa ta bugi Yaya a ƙugu, ta tafi da takalminsa ɗaya. Jijiyoyin hannunsa suka miƙe. Dab da kunnensa bututun na zuƙar iska da gurnani, kuma injin bai ko shaƙe ba.

Da tayoyi suka kama tsakuwar ƙetare, Auta ya waiwaya. Ƙirjin Baba na hawa yana sauka. Leɓɓansa na motsi da hamdala.

"Sauko ka shigo," in ji Auta, muryarsa a bushe.

Yaya ya tofar da ruwan laka. "Wa ya ce ka tsaya? Mu je." Ya harari bututun. "Har yanzu dai muni gare shi."

Amma bai sake shi ba sai a ƙofar asibiti.