Kunnen Hagu na Saude

Shekara biyu bayan an canja kuɗi zuwa naira, sanƙarau ya shiga ƙasar Gwiwa da bazara, ya yi ɓarnar da tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin irinta ba. A rugar su Hamma, can kudu da gari, yara bakwai suka kwanta, aka binne huɗu. Cikin ukun da suka tashi har da Saude, 'yar shekara biyar, 'yar farin Hamma da matarsa Shatu. Ta tashi da ƙafafunta da idonta, amma ko faɗuwar ƙwarya a bayanta ba ta sa ta waiwaya.

A gidansu Shatu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta tambayar ko ya ci ko bai ci ba, kuma in ana zancensa sai ta sunkuyar da kai kamar ba da ita ake ba. Tun da aka yaye Saude a bukkar kakarta Inno, uwar Hamma, take kwana. Haka aka yi wa Shatu ita ma. Uwarta har ta koma ga Allah ba ta taɓa furta sunanta ba, kuma Shatu ba ta taɓa ɗaukar hakan a matsayin ƙiyayya ba.

Amma akwai abin da Shatu ta sani, wanda ba wanda ya sani. Da sassafe in tana tatsa, takan yi wa saniya 'yar waƙa ƙasa-ƙasa a maƙogwaro don ta saki nono, yarinyar kuma takan sulalo ta tsuguna kusa da ita. Wata rana Shatu ta yi shiru a tsakiyar waƙar, sai Saude ta ɗago ta dube ta. Ta ci gaba, yarinyar ta mayar da kai. Shatu ta gwada haka kwana da kwanaki, har tana matsawa don kada jikinsu ya haɗu. Ta gane in yarinyar ta ba ta kunnen dama ba ta jin komai, in ta ba ta na hagu tana jin wani abu, muddin muryar mai kauri ce kuma a kusa. Ba ta gaya wa kowa ba, don faɗa yana nuna ta daɗe tana sa wa 'yar farinta ido.

Abin da ke cin ranta shi ne bakin yarinyar. Kafin ciwon Saude aku ce, ta san sunan kowace saniya a garke. Bayan ciwon kalmomin suka fara zubewa ɗaya-ɗaya, waɗanda suka rage kuma suna fitowa a murɗe.

Da kaka ta yi, mai shela ya zaga kasuwa da rugage ya ce wasu likitoci daga wani babban asibiti za su zo ɗakin shan magani na Gwiwa ranar Talata. Bincike suke yi a kan yaran da suka tashi daga sanƙarau, suna auna jinsu da muryarsu, daga Kazaure zuwa Babura. Ya ce sun zo da na'urar ji guda goma sha biyu, za a ba yaran da aka samu da sauran ji a kunnensu.

Ranar Talata Inno ta riƙo hannun Saude, Shatu ta biyo su a baya da ƙwaryar nono a ka, kamar talla ce ta fito da ita. Sun tarar da mota a gindin darbejiya da mutane cike da farfajiya. Likita yana ciki da takardu. Mai yin awon wata nas ce, Sista Priscilla, 'yar kudancin Zariya, Hausarta garau. Ta tara iyaye ta nuna musu na'urar, wani ɗan akwati kamar kwalin ashana da siririyar waya mai tafiya kunne. Ta ce ba ta tayar da kunnen da ya mutu, mai sauran rai take ƙara wa ƙarfi. Ta kuma ce yaron da ya daina jin magana, in aka bar shi haka, cikin shekara ɗaya ko biyu shi ma yakan daina yin ta. Da Shatu ta ji wannan, sai da ta sauke ƙwaryar daga kanta.

Ba a kai kan Saude ba sai bayan azahar, Sista ta riga ta auna yara sun fi talatin. Ta zaunar da ita a benci, ta ɗauko wasu faifai biyu haɗe da ƙarfe za ta kifa mata a kunne, don akwatin awon ya riƙa aika mata ƙara, in ta ji ta ɗaga hannu. Saude kuwa rabonta da ganin farar riga tun lokacin da ake danne ta ana yi mata allura. Ta fizge faifan ta yi wurgi da su, ta maƙale a zanin kakarta. Aka gwada sau uku, abin ya faskara. Aka miƙa mata bakin rikoda don ta ce "aaa" a ga tsawon numfashinta, ta datse baki.

Sista ta share gumi ta ce to a yi na baki. Ta tambaya wace ce uwar, mata suka nuna Shatu da ke raɓe a bakin ƙofa. Ta ce ta zo ta tsaya bayan yarinyar ta kira sunanta, da farko a hankali, sannan da ƙarfi, don yaro ya fi gane muryar uwarsa.

Shatu ta tsaya bayan 'yarta. Ga surukarta a gefe, ga matan rugarsu sun cika taga, ga ƙanen mijinta yana leƙe. Ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ke."

"Sunanta nake so, 'yar'uwa. Ba ta da suna ne?"

Matan taga suka fashe da dariya. Inno ta ce, "Malama, mu ba a haka a wurinmu. Matsa, Shatu, ni in kira abata." Ta tsaya a baya ta ƙwala kira da siririyar muryarta ta tsufa, sau uku, har wani jinjiri a waje ya tsorata. Saude tana kallon ƙasa. Sista ta kaɗa 'yar ƙararrawa ta dama, ta kaɗa ta hagu, ba motsi. Ta ɗauki biro, sannan ta ɗago ta dubi Shatu.

"Tun da ta warke, kin taɓa ganin ta ji wani abu? Ko kukan saniya, ko tsawa, ko mene ne. Ki tuna da kyau."

Maganar ta zo wa Shatu har bakin haƙori. Ta ji idon Inno a gefen fuskarta. Ta ja mayafi ta rufe baki ta ce, "Ban lura ba."

"Ko aradu ce ta faɗo ba ta ji," in ji Inno. Sista ta ja layi a takarda, ta ce a shigo da na gaba.

A hanyar komawa Inno ta riƙa yabon Shatu a wurin mata, tana cewa ɗanta ya auro 'yar mutunci, ba irin matan yanzu da ke goya ɗan fari su shiga kasuwa ba. Shatu tana baya, nonon da ba ta sayar ba yana tsami a kanta. Kwana biyu ba ta iya yi wa saniya waƙa ba. Yarinyar takan zo ta tsuguna, ta juyo mata kunnen hagu tana jira, har ta gaji ta tashi.

Shatu ta ji a bakin masu fura cewa likitocin suna Roni ranar Juma'a. Da asubar ranar ta ce wa Hamma za ta kai man shanu, ta ce wa Inno yarinyar za ta riƙe mata 'yar ƙwarya. Da suka ɓace wa ruga ta ajiye kayan a gidan wata ƙawarta, ta goya Saude, abin da ba ta yi ba tun yaye. Sai da rana ta take tsaka suka shiga Roni, ƙafarta ta yi fari fat.

Ta tarar da Sista Priscilla a barandar ɗakin shan magani, mutane kewaye da ita. Ba ta jira layi ba. Ta durƙusa ta ce ita ce ta Gwiwa, wadda ta ce ba ta lura ba, kuma ƙarya ta yi. Ta zaunar da yarinyar, ta koma bayanta ta ɓangaren hagu, taku biyu. A cikin taron akwai masu tallar nono biyu daga rugar da ke maƙwabtaka da tasu, ta gan su sarai. Ta saukar da murya can ƙasan maƙogwaro, irin ta tatsa, ta ce, "Saude."

Yarinyar ta waiwayo.

Sista ta ajiye biro. Ta sa aka maimaita sau huɗu, tana rufe wa yarinyar ido da tafin hannu, kuma kowane karo sai ta juya. Da uwar ta riƙe ta a cinya, har faifan ta yarda aka kifa mata. Sista ta riƙa murɗa akwatin tana kallon fuskarta, ta ce lallai kunnen hagu yana kama ƙara mai kauri, siririyar ce ciwon ya kwashe, shi ya sa ba ta ji kiran kakarta ba. Ta shige wurin likita da sauri.

Shatu ba ta jin Turanci, amma ta ji muryar Sista tana hawa, ta likitan tana nan a kwance. Da Sista ta fito ba ta zauna a kujera ba, ƙasa ta tsuguna kusa da ita. Ta ce takardun Gwiwa tun Laraba direba ya tafi da su, an zaɓi yara uku daga can, an auna musu kunne, sunayensu sun shiga. Ragowar na'urorin na Roni da Babura ne. Ƙa'idar binciken kuma sau ɗaya ake auna yaro, a garinsu, don in aka sake wa ɗaya sai an sake wa kowa.

"Ban ce a hana ɗan kowa ba, Malama. Amma ai kin gani da idonki."

"Na gani. Me ya hana ki faɗa mini ran Talata? Kalma ɗaya kawai."

Shatu ta dubi yarinyar. Can ta ce, "'Yar farina ce."

Sista ta miƙe. Ta yagi takarda ta yi rubutu ta ba ta, ta ce suna sa ran dawowa baɗi da wasu na'urorin, ta adana wannan ta nuna. Kafin nan ta riƙa yi wa yarinyar magana a kunnen hagu kullum, da ƙarfi, da sunan komai, kada ta ji kunyar kowa.

Labari ya riga su isa ruga. Inno ba ta yi faɗa ba. Ta fito da tabarmar Saude da ɗan zaninta ta ajiye a ƙofar bukkar Shatu, ta ce tun da uwar ta iya kiran suna a bainar jama'a, sai ta iya riƙo. Matan rugar suka daina jiran Shatu in za su tafi talla. Hamma kuwa ya daɗe bai ci tuwo a gabanta ba.

Shatu ta naɗe takardar a leda ta cusa a cikin jeren ƙorenta. Kowace safiya takan ja yarinyar gindin saniya, ta kafa baki a kunnenta na hagu tana faɗa mata nono, ƙwarya, igiya, maraƙi, Saude. Yarinyar takan kalli leɓenta ta gwada, wani lokaci ta kusa dacewa.

Kaka ta zagayo, mai shela bai zo ba. Shatu ta je ɗakin shan magani na Gwiwa da takardarta, malamin wurin ya karanta ya mayar mata, ya ce ya ji an gama wannan binciken, an rubuta shi an aika, Sistar ma an yi mata canjin wurin aiki. Da ta fito ta ga ɗaya daga cikin yaran nan uku a bakin kasuwa, ɗan akwatin a aljihun rigarsa, waya a kunne, yana gardama da mai ƙosai a kan ba a cika masa ba.

A damina ta biyu bayan zuwan likitocin, Saude ba ta da sauran kalma sai "Inno", ita ma rabinta take fitarwa. Kafin a yi girbi wannan kalmar ma ta ɓace. Shatu ba ta daina ba. Har yarinyar ta fara ɗaukar ƙwarya da kanta, masu wucewa ta bayan garke da sassafe sukan ji muryar uwar can ƙasa-ƙasa tana kiran sunan, yarinyar tana waiwayowa ta dube ta, ba ta cewa komai.