Agogon da Ya Yi Gyangyaɗi

Tun ranar da muka gwada shafin intanet na jarrabawar ɗaukar ma'aikatan jinya na ce wa Manaja agogon da ke saman shafin maƙaryaci ne. Ba ya duba lokacin gaskiya, bugun kansa yake ƙirgawa, duk bugu ya rage daƙiƙa. Da hasken waya ya mutu sai burauza, manhajar da ke buɗe shafin, ta sa shi gyangyaɗi, alhali babbar na'urarmu mai rufe jarrabawa idonta biyu.

"Ranka ya daɗe, ba ni yini ɗaya in gyara."

Ya juyo mini da kwamfutarsa. "Ga shi yana tafiya lafiya lau. Ku yaran nan, daga karanta littafi biyu sai ku hana mutum shan shayi."

"A kwamfutarka ke nan. Masu jarrabawar da waya za su rubuta."

"To, su sayi kwamfuta mana."

Ofis ya kwashe da dariya. Har masu tsofaffin wayoyi a aljihu sun dara.

Autarmu na cikin masu rubutawa. Shekara guda tana karatu a bakin gadon Umma, ta shafa mata magani a gwiwa, ta koma kan littafi. Na gargaɗe ta kada ta bar hasken ya mutu. Amma wayar ta tsufa. Ranar jarrabawar, duk sanda ta sunkuya tana lissafin awon magani a takarda, sai allon ya yi duhu.

Da na dawo gida na same ta zaune a bakin ƙofa. Ta miƙo mini hoton da ta ɗauka: agogo na cewa saura minti shida, a ƙasansa kuma an rubuta lokaci ya ƙare. Amsoshinta ba su shiga ba.

"Yaya, ai ka ga da saura, ko?"

Na gani.

Washegari ƙorafi ya cika ofis. Manaja ya kira ni, murya ƙasa-ƙasa. "Abin nan naka, gyara shi. Ba sai an ji ba."

"A sake musu jarrabawar fa?"

"Kai kuma! An wuce wurin."

Kafin shayinsa ya huce na gama. Yanzu agogon na tambayar lokacin gaskiya kafin ya nuna komai.

Da yamma kamfaninmu ya tura wa masu ƙorafi saƙo. Auta ta karanta wa Umma nata a hankali: ana ba ta shawara, nan gaba ta riƙa kula da agogo.