Bencin Ƙofar Ɗakin Labarai

Jiya bayan azahar na ɗan kishingiɗa, sai na yi wani mafarki.

Na gan ni a ƙofar gidan talabijin ɗin da na yi wa aiki shekara goma sha huɗu ina shirya shirye-shirye, kafin in koma hulɗa da jama'a a wani kamfanin man kaɗe. Ginin yana nan yadda na bar shi, sai dai an ɗora shi a kan kwalekwale, maigadi yana ta tuƙa shi a kan kwalta. Bai nemi katin shaida ba. Ya ce in cire inuwata in bar ta a bakin ƙofa. Na cire na jingine ta.

A kaina akwai kwano rufe da faifai, labarin kamfaninmu ne a ciki. Wata uku ke nan ina yawo da shi gidajen jarida ba mai karɓa, kuma shugabarmu ta ce in bai fita a makon nan ba, za mu zauna mu yi magana. Labarin ya fara narkewa yana gangaro mini ta wuya.

Sai ga ni a kan bencin ƙofar ɗakin labarai. Na san bencin nan. A kansa nake ajiye masu kawo labarin kamfanoni, ni kuwa ina ciki ina shan shayi. Kusa da ni wani mutum ne da kwat, ƙafafunsa sun yi saiwa cikin siminti.

Na ce, "Bawan Allah, tun yaushe kake nan?"

Ya ce, "Ai ke kika ce in jira minti biyar. Ban yi fushi ba, Hajiya. Daga nan na aurar da 'ya'ya biyu."

Kunya ta kama ni. Kafin in ba shi haƙuri, na tsinci kaina a ciki.

Wadda ke kan teburin edita ni ce, ina da shekara ashirin da takwas, da biro soke a ɗankwali. Ba ta ɗago kai ba.

Ta ce, "Anti, minti ɗaya gare ki."

Na gyara murya na ce, "Kamfaninmu na farin cikin sanar da..." Duk kalmar da ta fito bakina sai ta zama takarda, fanka ta yi waje da ita ta taga.

Ta ce, "Wa ya yi kuka? Wa ya yi dariya? In ba kowa, talla ce. Sashen talla yana ƙasa, sai ki hau bene."

Maganata ce, haka nake faɗa wa mutane. Ban san tana da zafi haka ba.

Sai na ji tarin da na sani. Malam Jatau ne, mai ɗaukar hotonmu, wanda ya rasu bara. Tsohuwar kyamarar nan mai nauyin buhun masara tana kafaɗarsa, idonta na kallon baya.

Ya ce, "Asabe, ba ki zo gaisuwata ba."

Na ce, "Malam, ka yafe mini. Ranar muna ƙaddamar da sabuwar kwalba."

Ya ce, "Ba komai. Ni ma ban daɗe a wurin ba."

Ya miƙo mini kyamarar na leƙa. Sai ga mu a hanyar Birnin Gwari, motar ofis ta mutu, muna zaune a gindin ɗorawa muna cin rogo da ƙuli. Ruwa ya sauko, ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe kyamara, shi kuwa ya tsaya yana jiƙewa yana dariya. Har ƙamshin ƙasar na ji. Na so in shiga ciki, ƙafata ba ta wuce ba.

Ya buɗe faifan, ya lakaci labarin ya shafa a fason dugadugansa.

"Wa ya dafa wannan?"

Na ce, "Iya Kande. Idonta ya tafi shekara tara, amma da kunne take gane man ya nuna. In tukunya ta sauya murya sai ta ce a sauke."

Ya dube ni irin kallon da yake mini in na ɓata masa haske. "Shi ne kika bar ta a ƙauye kika ɗauko kwalba?"

Editar ta ɗago kai a karon farko. Ta ce, "Minti biyu. Da shi za mu buɗe labarai."

Sai ga mu a ɗakin watsa shiri. Iya Kande na kan kujerar mai karanta labarai, tukunyarta na tafasa a kan tebur ba wuta. Sanyin ɗakin nan, da warin wayoyi, da shirun da kowa ke yi kafin a fara, duk suna nan. Malam Jatau ya kafa ido a kyamara.

Ya ce, "Furodusa, ƙirga mana. Ba mai yi kamar ke."

Na ɗaga hannu. Biyar. Huɗu. Uku. Biyu.

Injin markaɗen maƙwabta ya tashi da ƙara, an kawo wuta. Na farka a kan kujerar falo, yatsana ɗaya a sama.