Reshen Mangwaron Baba

Mai gyaran wuta ya sauko daga saman silin da guntuwar waya a hannu, ya miƙo mini ita a gaban iyalina. An gaigaye robar jikinta tas, jan ƙarfen yana tsirara.

"Ɓera ne?" na tambaye shi.

"Ɓera ba shi da wannan haƙorin, Malam. Kurege ne. Ya yi sheƙa can kusurwa da audugar tsohuwar katifarku. Ranar da wayoyi biyu irin wannan suka haɗu, sai dai ku tsira da kayan jikinku."

Matata tana tsaye a bakin ƙofa tana kallona. Wata uku tana cewa tana jin gudu a saman ɗaki, ni kuma ina yi mata bayanin cewa kwano ne ke miƙewa idan rana ta yi zafi. Shekara ashirin da biyu ina koyar da kimiyya a makarantar sakandare. Har zane na yi mata a bayan ambulan.

Mai gyaran wuta ya ja mu bayan gida ya nuna mana hanyar. Reshen mangwaro ne ya kwanta a kan kwano, daidai inda katakon bakin rufi ya ruɓe ya bar rami.

"Ga gadarsa nan. A sare reshen, a toshe ramin."

Mahaifina ne ya dasa mangwaron shekarar da ya gina gidan. A gindin wannan reshen ya kafa wata doguwar ƙusa inda yake rataye rediyonsa da yamma, kuma tana nan har ranar, ta yi tsatsa, ɓawo ya haɗiye rabinta. Na ce ba mai taɓa reshen.

"Baban yara," in ji matata, "yau Laraba. In Asabar ta wuce reshen nan yana kan rufi, ni da yara muna gidan Yaya. Kai da kuregenka da ƙusarka sai ku zauna ku saurari labarai."

Ta shiga ciki ta sauko da babbar jakar tafiya, ta ajiye ta a tsakar falo, inda dole in yi tuntuɓe da ita.

Washegari na je wajen kafintan layinmu, wani dattijo mai fensir a bayan kunne, na ce ina son raga mai ƙarfi da ƙusoshi. Ya tambayi abin da zan yi, na faɗa masa.

"To, kada ka toshe yau. Ka dunƙule tsohuwar jarida ka cusa a ramin sama-sama. In ta kwana biyu ba a ture ta ba, babu kowa ciki, sai ka buga ragarka. In an ture, ka sake jira."

"Jarida? In saya masa jarida kuma? Ko shayi zan haɗa masa da ita?"

"Ni dai na faɗa maka, Malam."

Kwana biyu nake da su duka-duka, ga shi yana so in ba wa kurege su kyauta. Da na taso daga makaranta na ɗauko tsani, na hau da tumbina da gwiwoyina masu ƙara. Na daki kwanon da guduma, kuregen ya fito a guje ya bi reshe. Na buga raga da ƙusa goma sha huɗu. Ɗaya daga cikin bugun ya sauka a babban yatsana. Na sauko ina tsotsar jini, na sanar da gidan cewa an gama, reshe kuma yana nan daram.

Da gari ya waye ko shayi ban kurɓa ba na ji ƙara. Kuregen ne a kan rufi, yana cin katako a gefen ragata, garin katako na zubowa a kan wankin da aka shanya. Na jefe shi da takalmi, takalmin ya zauna a kan kwano. Na jefa ɗayan, ya bi ɗan'uwansa. Ya juyo ya dube ni, ya kaɗa wutsiya, ya yi mini wani irin tsaki, ya koma bakin aikinsa. Ɗalibai sun raina ni a rayuwa, amma ba wanda ya taɓa yi da irin wannan natsuwa.

"Tsaya," in ji matata. Ta ɗaga yatsa. "Ka ji?"

Daga cikin silin wani siririn kuka ke fitowa, ba murya ɗaya ba.

Na je na kira kafinta da silifas ɗin matata a ƙafata. Ya zo ya kara kunne a bango, ya daɗe yana kallon ƙasa don kada in ga murmushin da ke bakinsa.

"Malam, ba kurege ka kora ba, mai jego ka kora. Ka kulle 'ya'ya ciki, uwa tana waje. Ba za ta bari ba. In katako ya gagara za ta nemi wata kafa, duk abin da ta tarar a gaba kuma ci za ta yi, har wayarka. In kuma suka mutu a ciki, sai ku yi wata guda ba ku shaƙi iskar kirki ba."

"To me zan yi?"

"Ka cire abin da ka buga."

Girman kai ya hana ni cirewa a ranar. Ranar Asabar da safe na sake hawa tsani, na zare ƙusa goma sha huɗu ɗaya bayan ɗaya, ina zagin kowace. Na sauko na ɗauki zarto. Raina ya gama ɓaci da kuregen, da kafintan, da mai gyaran wuta, har da Baba, Allah ya jiƙansa, da ya rasa inda zai dasa itace sai jikin gini. Na ɗora zarton a gindin reshe.

Matata ta riƙe mini hannu.

"Kai wane irin mutum ne? In ka sare, ta ina za ta fitar da su?"

"Ke ce kika ce Asabar."

"Asabar ɗin ba ta ƙare ba. Zauna."

Na zauna a kan bokiti da zarto a cinya, ina gadin reshen da aka ba ni wa'adin sarewa, saboda wadda ta cinye mini waya ta samu hanyar kwashe kayanta. Ta shiga ramin, ta fito da ɗa guda a baki, jajir da shi, ta bi reshe ta ɓace a cikin ganye. Ta dawo. Sau huɗu ta yi haka, ba ta ko gaggawa. A na biyar ta shiga, ta fito baki wayam, ta tsaya a kan takalmina da ke kan kwano ta sosa kunne, sannan ta tafi.

Na cusa jarida a ramin, kamar yadda aka ce mini tun farko. Na sa filaya na zaro ƙusar Baba da ƙyar, na jefa a aljihu. Sannan na yanka. Reshen ya faɗo da ƙara, rana ta sauka a wurin da ban taɓa ganin ta ba tun ina yaro, na tsaya ina kallon tabon.

Da na shiga falo jakar ba ta nan. Matata ta kawo mini shayi, ta dubi yatsana da ya kumbura, ta ce jibi kafinta ne zai buga ragar, ba ni ba.

Ban yi musu ba. Takalmana ma shi na roƙa ya sauko mini da su.