Gaiwa a Bangon Iyatu

Da gudu Malam Muntaka yake bin sawun jakuna, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Kwana huɗu kacal ya yi a Kano yana zaryar ofis-ofis, ya dawo ya tarar an ɗaga wayar da ya kewaye kududdufinsa da ita, an ɓamɓare busasshen taɓon kaf, an bar masa rami.

Shi ne shugaban bincike a Gidan Kifi na Rimin Dabo, can bayan Bici, inda aka jera akwatunan gilashi don 'yan makaranta su zo su ga kifi da ransa. Da farin da ake yi ya shiga shekara ta biyu, ruwa ya ƙafe, karfasa ta mutu. Tarwaɗa kuwa maigadi ya rantse kyanwa ce ta cinye, ko da yake Muntaka bai taɓa ganin kyanwar da ke barbaɗa yaji ba. Mutanen gari Sarkin Ruwa suke ce masa, sarautar da ba ta da ko moɗa guda.

Abin da ya rage masa gaiwa ce goma sha bakwai, kowacce da zoben ƙarfe mai lamba a wutsiya. Ita gaiwa in ruwa ya janye, sai ta nutse cikin taɓo ta naɗe, ta bar 'yar kafa ta shan iska, ta kwanta tana cin kitsen jikinta sai damina. Shekara uku yana fama da su, yana son ya san ko za su tsallake fari biyu a jere. In suka mutu, irinsu ya ƙare a yankin, aikinsa ma ya bi su.

Sawun ya kai shi ƙarshen gari, gidan wata tsohuwa Iyatu. Ga sabon ɗaki a tsaye, an riga an ɗora masa jinka, ga Shago magini yana kwaɓa ƙasar yaɓe da ɗan ruwan da bai kai tulu ba.

"Shago, cire hannunka daga ƙasar nan."

"Sarkin Ruwa, sannu da zuwa. Wa ya rasu?"

"Ina ka samo tubalin nan?"

"Wane tubali? Ina ruwan buga tubali a bana? Kududdufinka ne ya tsattsage da kansa, curi-curi, kamar an auna. Ɗauka kawai na yi na ɗora."

"Ba ka ga waya ba?"

"Na gani. Na ɗauka don awaki aka yi ta."

Muntaka ya durƙusa ya bi bangon da yatsa. Ga kafa nan, ga wata. Ya ƙirga goma sha ɗaya ta waje, ya kutsa cikin ɗakin ko sallama babu, ya sami huɗu ta ciki. Ya kara kunne a jikin wata, ya ji ɗan motsi. Da ransu. Amma da Shago ya shafa yaɓen nan, da kafofin sun toshe, kafin la'asar sun zama gawa.

Yana fitowa ya yi kiciɓis da mai gidan, tana sakace haƙoran da suka rage mata.

"Ɗan nan, a Kanon aka koya maka faɗa wa ɗakin mata?"

"Yi haƙuri, Inna. Kifayena ne a bangonki. Sha biyar na gani, saura biyu."

Iyatu ta kwance bakin zane, ta zuba masa zobba biyu a tafin hannu. "Ga 'yan kunnensu. Curi biyu ne suka fashe da ana saukewa. Ɗayar ta fi maiƙo."

Ya dubi lambobin, ta shida da ta goma sha huɗu. Ta shidan ce ya fi ji da ita, shekara uku yana auna ta duk wata.

"Inna, wannan kayan gwamnati kika ci."

"To ta zo ta karɓa. In za ta zo, ta taho da gero." Ta juya ta dubi bangon da wani sabon ido. "Sha biyar ka ce? Shago, ashe rumbu ka gina mini. Miyar kwana sha biyar ke nan."

"In an yi tattali ma wata guda," in ji Shago.

Muntaka ya tare bangon da bayansa, ya ware hannuwa. Ya yi mata bayanin kimiyya, ya kawo sunan gaiwa da Turanci, ya ce jikokinta za su gode masa. Ta bar shi ya gama tsaf.

"Bana kowa gaiwa ne, ɗan nan, jikinsa yake ci. Ni ba wanda ya sa mini zobe. Tsohon ɗakina ya rushe, wata biyu ina kwana da awaki. Ko dai a yaɓe in shiga, ko a fasa in ci. Ba zan kwana a ɗaki mai ƙofofin kunama ba."

"Zan gina miki na siminti."

"Wanda bai riƙe ruwa a gidan kifi ba?"

Shago ya tuntsire da dariya, ya ɗebo ƙasa a hannu, yana jiran umarni. Muntaka ya dubi ƙasar tana ɗiga, ya laluba aljihu, ya fito da makulli.

"Ga ofishina. Rufin kwano, daɓen siminti, taga biyu. Ki zauna har ruwan farko ya sauka su fito. Ni in kwana a nan."

Iyatu ta karɓi makullin ta jujjuya shi. "Da akwatunan gilashin?"

"Me za ki yi da su?"

"Kuka da daddawa. Ɓera ba ya cin gilashi." Ta ƙulle makullin a bakin zane. "Awakin kuma su kwana da kai, sun saba da mutum."

Kafin azahar an ɗora tabarmarta da tukwane a jakunan Shago. Muntaka ya samo alli, ya bi kowace kafa yana zagaye ta, yana rubuta lamba, akuya tana cin gefen rigarsa.

Yana kan ta goma sha biyu ya ji ƙarar birki. Wani dogon mutum ne da bai taɓa gani ba, a kan keke, ya ɗaure diga da buhu a baya. Ya yi sallama cikin ladabi, ya share gumi, idonsa a kan zanen allin.

"Malam, nan ne gidan da ake haƙo kifi a bango? A kasuwar Bici wani magini ya ba da labari."

Shago ya sunkuya yana gyara wa jaki igiya.

"Har ma an yi musu shaida, madalla," in ji baƙon, yana kwance digar. "Ni keke ne ya sa na riga su. Sauran mutanen garinmu suna tafe a ƙasa."